Yadda "Kai!" Ta Kai Ni Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Malesiya ba, ko da kuwa na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina. Ita ce ranar da karnuka huɗu suka ja ni a taɓo, ina sanye da shaddata ta fita kunya, a gaban mutumin da sa hannunsa kaɗai nake jira in zama dakta. Na daɗe ina ɓoye labarin nan, amma tunda matata ta riga ta ba duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidanmu, gara ku ji daga bakin mai shi.

Bari in faro daga tushe. Shekarata ta huɗu ke nan a Kuala Lumpur ina digiri na uku a fannin tattalin arzikin noma. Muna zaune a Bukit Jalil, ni da matata da 'yarmu Hanifa, a wani ɗan gida can hawa na sha huɗu. Na gama rubuta kundina na miƙa wa malamin da ke duba ni, wani Farfesa Basine ɗan ƙasar, dattijo marar yawan magana. Wata uku cur kundin yana kan teburinsa. Bizarmu kuwa saura wata guda da 'yan kwanaki ta ƙare, kuma ba za a sabunta mana ba sai da takardar da ke nuna ya sa hannu an tura kundin wurin masu jarrabawa. Idan bai sa ba, sai dai mu tattara komatsanmu mu koma Kano hannu rabbana, in je in tsuguna gaban mahaifiyata in yi mata bayanin abin da na shekara huɗu ina yi a ƙasar mutane. Wallahi abin yana hana ni cin abinci. Duk lokacin da na leƙa ofishinsa na tambaya, amsa ɗaya ce, da ɗan "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke ƙarasa magana da shi, ko kai ba ya ɗagowa: "Ina karantawa lah."

Abu guda ne a duniya yake sa bakin Farfesa ya buɗe, shi ne karnukansa. Wata Laraba bayan taron mako, ya kai mu ɗalibansa shan shayi a wani mamak, wato irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi da ke kowane lungu. Muna zaune ya zaro waya ya kunna mana bidiyo. Wasu manyan karnuka ne masu gashi kamar bargo, irin na ƙasashen sanyi, waɗanda a can garinsu suke jan kaya da mutane a kan ƙanƙara. To Malesiya ina ƙanƙara, sai dai ta firji. Don haka shi wani keke ya samo mai ƙafa uku, babu wurin zama, tsayuwa ake yi a bayansa a riƙe kai kamar na keken hawa, da birki biyu a hannu. Ana ɗaura karnukan bibbiyu a doguwar igiya a gaba, su ja shi a guje a hanyar daji. Haka yake horar da su duk Asabar da sassafe, kafin rana ta fito ta dafa su.

Sauran ɗaliban suka kalla suka yi murmushin ladabi, kowa ya koma kan shayinsa. Ni kuwa sai Shaiɗan ya raɗa min cewa ga ƙofa ta buɗe. Na gyara zama na ce, "Ai Farfesa, mu a gida wannan ba baƙon abu ba ne. Amalanke muke ce masa. Shanu ke ja, ko jakuna. Ni da kake ganina a kansa na girma."

(Jama'a, a Fagge aka haife ni, a Fagge na girma. Sau ɗaya tak na taɓa hawa amalanke, ina ɗan shekara bakwai da muka je ƙauyen kakata, an ɗora ni a kan buhunan gyaɗa. Da san da ke ja ya motsa kunne na fasa kuka, aka sauke ni.)

Farfesa ya ajiye kofinsa. A shekara huɗu ban taɓa ganin ya kalle ni da irin wannan ido ba. Ya ce, "Kai da kanka kake tuƙawa?"

Kun ga nan Allah ya ba ni hanyar fita. Da na ce a'a, kallo dai nake, da magana ta ƙare. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ce, "Shekara goma. Dabba ai duk dabba ce, Farfesa, murya take bi. In ka iya magana da ita, shi ke nan."

Ya ce amma ya san Musulmi ba sa son taɓa kare, ba ya so ya takura min. Hanya ta biyu ke nan, ita ma na toshe ta da hannuna. Na shiga ja masa fatawa, wai mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, namu hukuncin da sauƙi. Ni da ko a masallacin unguwa ba a taɓa tambayata farillan alwala ba, ranar na zama shehi. Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa, ya ce, "Boleh, ba matsala! Asabar zan biyo in ɗauke ka."

Da na koma gida ina ta annashuwa na ba matata labari, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta juyo ta ƙare min kallo.

"Abban Hanifa, kai? Kai da ka tarar da kyanwar maƙwabta a lif, ka bar mata lif ɗin ka hau bene hawa sha huɗu da ƙafa?"

Na ce, "Motsa jiki nake yi ranar."

"To Allah ya ba da sa'a. Amma dai ka kira shi ka gaya masa gaskiya tun da sauran mutunci."

Na ce mata ba ta gane siyasar jami'a ba. Ni ba hawa zan yi ba, tsayawa zan yi a gefe ina ba da shawara irin ta manya, in na ga ransa ya yi fari sai in sako zancen kundi. Shi ya sa ma da Asabar ta zo, ta miƙo min wandon motsa jiki na ƙi karɓa. Karon farko ne Farfesa ya gayyace ni wani wuri ni kaɗai, ba zan je masa kamar ɗan ƙwallo ba. Na zura farar shaddata wadda aka ɗinka min takanas don ranar kare kundi, na kafa hula, na fesa turare. Ta raka ni bakin ƙofa tana cewa, "Wanda bai ji bari ba dai..." Ban tsaya jin ƙarashen ba.

Bayan sallar asuba Farfesa ya ɗauke ni a wata babbar mota, karnukan suna baya a cikin keji. Mun yi tafiyar kusan awa guda zuwa wata tsohuwar gonar kwakwar manja a bayan gari, inda wata jar hanya ta ratsa tsakanin itatuwa. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi caɓa-caɓa. Yana buɗe bayan motar na gane cewa bidiyo maƙaryaci ne. A waya ƙanana ne. A fili kuwa kowannensu ya kusa ƙuguna, idanu shuɗaye kamar na aljanu, kuma ba haushi suke ba, wani irin kuka suke ja mai tayar da tsikar jiki. Na yi gyaran murya na ce, "Masha Allah, lafiyayyu."

Ya shiga sa musu ɗamarar ja ɗaya bayan ɗaya yana gabatar min da su. Ta gaba, jagorarsu, wata baƙa ce mai suna Kopi. Ita ke jin umarni, sauran ita suke bi. Ya ce kalmomin kaɗan ne: in kana so su tashi ka ce "haik", in kana so su tsaya ka ja murya ka ce "wooo", akwai kuma na dama da na hagu. Ina ta gyaɗa kai ina cewa, "Haka ne, kamar dai namu," alhali ko ɗaya ba ta zauna min ba. Hankalina duk yana kan haƙoran wani jan kare da aka ɗaura a layin baya, dab da keken, wanda tun da na sauko yake kallona. Abu ɗaya ne ya shiga kunnena, shi ma don ya maimaita shi sau uku yana nuna ni da yatsa: "Ko ka faɗi, kada ka saki keken. In ka saki za su gudu har bakin titi, mota ta kaɗe min su. Kada ka saki."

Sai ya kwance igiyar da ta ɗaure keken a jikin mota, ya ce, "Hau ka danne birki biyun nan, in ɗauko maka hular kwano. Ni zan fara zagaye ɗaya, sannan kai."

Sannan ni! Ban ma gama haɗiye wannan ba na tsinci kaina a kan keken, hannu biyu a kan birki, karnuka suna ta tsalle suna fizgar igiya. Farfesa ya juya ya nufi gaban mota. Jan karen nan ya waiwayo, ya matso iya tsawon igiyarsa, ya shinshina gefen rigata. Na daure. Ya sake shinshinawa. Na daure. Sai kawai ya zaro harshe ya lashe min ƙafa, daidai inda wando ya ƙare.

To ku gaya min, wane Bahaushe ne kare zai lasa ya tsaya tunani? Na saki birkin dama na ɗaga hannu, na daka masa tsawa da iya ƙarfina: "Kai!"

Kopi ta ji "haik".

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san yadda ɗan acaɓa yake fizga tun kafin ka gama zama? To ku ninka. Kaina ya yi baya, ƙafata ɗaya ta tashi sama, itatuwa suka fara wucewa. Na ji muryar Farfesa can baya yana ihu, amma iska ta tafi da ita. Ni kuma me zan yi? Abin da na gada kaka da kakanni na ci gaba da yi: "Kai! Kai! Kai! Ke! Kai!" Duk "kai" ɗaya sai su ƙara wuta. A wajensu ba su taɓa samun direba mai kuzari irina ba. Kopi har waiwayowa ta yi sau ɗaya, na rantse murna na gani a fuskarta.

Za ku ce ina birki? Tambaya mai kyau. Hannuna na hagu yana kan nasa birkin, amma taya ɗaya ce kawai ta kama, tana ta zamiya a taɓo tana watso min shi har fuska. Hannun dama kuwa (ku yafe min) hulata na dafe da shi. Rai yana hannun Allah, ni ina ceton hula. Har yau in na tuna wannan sai in ji kamar in nutse.

Da "kai" ta ƙi aiki sai na koma lallashi. "Ku tsaya don Allah! Don girman iyayenku ku tsaya!" Na yi musu da Turanci, na yi da 'yar Malay ɗin da nake sayen kifi da ita a kasuwar Chow Kit. Na karanto addu'ar hawa abin hawa, wadda ya kamata in yi tun farko, na zarce da ta shiga kasuwa don ita ce ta zo bakina. Wasu ma'aikatan gona biyu a kan babur suka kauce gefe, suka bi ni da kallo baki buɗe: ga baƙin mutum cikin fararen kaya yana tafe a guje bayan karnuka yana wa'azi.

Sai ga kwana. Karnukan suka sha ta lafiya lau, sun saba. Keken ne bai sha ba. Taya ɗaya ta ɗaga, na ji duniya ta juya, sai ga ni rub da ciki a cikin jan taɓo. A nan ne maganar Farfesa ta faɗo min: kada ka saki. Na tuna karnukansa, na tuna titi, na tuna kundina a kan teburinsa. Na saki hular na cafke keken da hannu biyu. Suka ci gaba da jana a ƙasa kamar buhun masara, taɓo yana shiga ta wuyan riga yana fita ta ƙafar wando. Da azaba ta kai azaba na buɗe baki na kurma, "Wayyooo Allah na! Wayyooo!"

Cak, suka tsaya.

Ashe jan "wooo" ɗin nan da ke cikin "wayyo" shi Kopi take jira tun ɗazu. Ina kwance ina haki, ban gama gode wa Allah ba, sai ga su sun juyo gaba ɗayansu sun kewaye ni, igiya duk ta harɗe. Suka hau lasar fuskata, kunne, wuya, har gemu. Na buɗe baki zan ce "k..." sai na tuna. Na damƙe leɓena. Jama'a, ku auna wannan hali: Bahaushe kwance a taɓo, karnuka huɗu suna lasarsa, kuma kalma ɗaya tilo da Allah ya hore masa ta korar kare ita ce wadda in ya furta za a sake jansa. Haka na rufe ido na yi lamo, hawaye na bin kumatuna, jan karen nan yana share min su.

A haka Farfesa ya iso a guje yana numfashi sama-sama. Na ɗauka kaina zai yo. Ina! Wurin Kopi ya fara durƙusawa ya duba ta, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya duba na biyu, na uku, na huɗu. Sai da ya tabbatar kowa lafiya, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Ba ka saki ba. Na gode." Ya miƙo min hannu.

A hanyar dawowa ya shimfiɗa min ledar da yake sa wa karnuka a kan kujera. Can ya ce, "Mene ne 'kai'?" Ashe akwai 'yar kamara a jikin keken, har ya kalla tun ina wanke fuska. Na yi masa bayani murya ƙasa-ƙasa, cewa a wurinmu tana nufin bari, tsaya, tafi can, ka kiyaye ni, duk dai abin da ya sawwaƙa. Ya yi dariya har sai da ya gangara gefen titi ya tsaya yana share ido. Ganin haka sai na ji sanyi a raina, na ce to faɗuwa ta zo daidai da zama, bari in sauke nauyin gaba ɗaya. Na ce, "Farfesa, gaskiya ban taɓa tuƙa amalanke ba. Sau ɗaya na hau, kuma kuka na yi."

Dariyar ta ɗauke. Ya tayar da mota, muka ci gaba. Sai da muka shigo gari ya yi magana, a hankali, ba faɗa.

"Ban taɓa zuwa ƙasarku ba. Duk abin da ka gaya min game da ita yarda kawai nake yi. Ka ce ka yi shekara goma kana tuƙa amalanke, na yarda. A babi na uku kuma ka ce kai da kanka ka bi ƙauyuka ka yi hira da manoman nan." Ya ɗan kalle ni. "Wannan ma irin amalanken ne?"

Wallahi jan da karnuka suka yi min bai yi min ciwo kamar wannan tambaya ba. Don wannan kam gaskiya ce tsagwaronta. Wata takwas na yi ina yawo a ƙauyukan Kano da Jigawa, na kwana a shagunan mutane, na yi zazzaɓi sau biyu, babur ya kayar da ni a yashi. Shi ne abu ɗaya a rayuwata da nake alfahari da shi ba tare da ƙari ba. Na shiga rantse-rantse, sai na ji rantsuwar tana fita da irin muryar da na yi zancen amalanke da ita. Na bar rantsuwar.

Ya ce, "Na gama karanta kundin tun makon jiya. Yana da kyau. Litinin na yi niyyar sa hannu. Yanzu sai ka kawo min takardun tambayoyin na asali, da muryoyin da ka naɗa, duka. In na gani, sai in sa."

Litinin. Jibi-jibin nan. Da na zauna a gida na sha kokona, da an wuce wurin.

Ba sai na ba ku labarin fuskar matata ba da ta buɗe ƙofa ta ga jan mutum ba hula. Ta tafa hannu ta yi salati, ta tabbatar ban karye ba, sannan ta shige kicin ta rufe ƙofa. Ina jiyo ta tana dariya har da tari. Amma da na gaya mata maganar Farfesa, dariyar ta tsaya, ta zauna a bakin kujera ta yi tagumi. Ita ma bizar nan tata ce.

Takardun suna Kano, cikin kwalaye a ɗakin ƙanena. Mako uku muka yi muna fama. Shi yana can yana ɗaukar hoton shafi bayan shafi yana turowa, wuta tana ɗaukewa, mu muna nan muna jerawa. Matata ce ta zauna ta saurari muryoyin manoman ɗaya bayan ɗaya tana haɗa kowace da takardarta, Hanifa tana bacci a cinyarta. Kullum na duba kalanda sai in ga kwanakin bizar suna ƙarewa. Wata rana tana cikin aikin ta cire abin jin magana daga kunne ta ce, "Abban Hanifa, ka ga ikon Allah. Wata takwas ka yi kana wahala ta gaskiya, ba wanda ya ce ka kawo shaida. Minti ɗaya ka yi kana ƙarya a kan shayi, ga shi gaskiyar taka ce take neman mai tsaya mata."

Na kai masa komai a cikin jaka biyu. Ya yi kwana huɗu yana bi, har yana kirana in fassara masa abin da wani tsoho ya ce game da farashin taki. Saura kwana tara bizarmu ta ƙare ya sa hannu, a gabana. Ya miƙo min takardar, na kama, bai saki ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai." Da kyakkyawan lafazi kuwa, kamar ɗan Fagge. Sannan ya saki.

Abin da na koya? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, haka aka gaya mana tun muna yara, amma ba wanda ya gaya min cewa in ta tashi kaɗewa har da 'ya'yan itacen maƙwabta take zubarwa. Yanzu ni dakta ne, ina koyarwa, ɗalibai suna miƙewa in na shigo. Amma ko shayi aka tambaye ni na iya dafawa, sai in ce, "To, ina dai koyo."